Zunubi da Gafara a Bakin 'Yan Makarantar Lahadi

Ajin ƙanana nake koyarwa a makarantar Lahadi ta ikkilisiyarmu da ke Yelwa a garin Bauchi, 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, tun kafin in yi ritaya daga koyarwa a firamare. Duk lokacin da aka ƙaro mini sababbin yara, kafin in koya musu ko aya ɗaya nakan tambaye su: mene ne zunubi? Ba sa jinkirin amsawa. Satar nama a tukunya. Zagin babba. Ƙarya. Cin kuɗin baiko, wato a ba ka kuɗi ka saka a faranti, kai kuma ka laɓe ka sayi alewa. Har nan babu mai yi musu gardama. Amma idan na ƙyale su suka ci gaba, sai jerin ya fara karkacewa: fitsarin kwance, fasa kofi, ɓatar da takalmin zuwa coci, zuwa na ƙarshe a jarrabawa, gyangyaɗi lokacin addu'ar dare. Wata yarinya mai fama da sikila ta taɓa ce mini rashin lafiya zunubi ne. Na tambaye ta wa ya gaya mata haka. Ta ce ba kowa, amma duk ranar da ciwonta ya tashi mamarta takan yi kuka, ai kuwa abin da yake sa mama kuka zunubi ne.

Yarinyar nan ba wauta ta yi ba. Ma'aunin da muka ba ta ta bi har ƙarshensa. Kafin ƙaramin yaro ya haddace dokoki goma, ya daɗe da haddace fuskar manya. Abin da ya sa fuskar mama ta canja, abin da ya sa baba ya ɗaga murya ko ya miƙa hannu wajen bulala, shi ne zunubi a wurinsa, girmansa kuwa gwargwadon girman faɗan. Wani masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya gwada wannan a binciken da ya buga a 1932. Yakan ba yara labari biyu. A na farko an kira yaro cin abinci, ya tura ƙofa bai san akwai tire a bayanta ba, kofi goma sha biyar suka fashe. A na biyu yaro ya hau kujera don ya saci kayan zaƙi mamarsa ba ta nan, kofi ɗaya ya faɗi ya fashe. Ƙananan yara suka fi ɗora wa na farko laifi, don ɓarnarsa ta fi yawa. Masu binciken da suka biyo baya sun nuna yara suna iya lura da niyya tun da wuri idan an sauƙaƙa musu labarin, kuma na yarda da su, don ina gani a ajina. Sai dai ni abin da ya fi damuna shi ne, a gidajenmu manya ne suke auna laifi da yawan ɓarna. Mai bin bashi ya yi sallama, baba ya ce wa yaro, "Je ka ce ba na nan," yaro ya je ya faɗa, a yi masa murmushi. Washegari ya yi tuntuɓe ya zubar da man gyaɗa, a wannan tsadar, ya sha duka. To wanne zai ɗauka ya fi ɓata wa Allah rai?

Kada wani ya ɗauka cewa nake yi yara mala'iku ne. Wadda ta yi raino ba za ta faɗi haka ba. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ba da labarin jaririn da ya gani, ko magana bai fara ba, amma yana hararar ɗan'uwansa da ke shan nono, fuskarsa ta canja don ƙyashi. Duk uwar da ta yaye yaro ta haifo masa ƙane ta san wannan harara. A gidana na ga jikata ta ɗora wa ƙanwarta laifin da ita ta yi, ta tsaya tana kallo ana yi wa ƙanwar faɗa har da mari. Na kuma ga abin da ya biyo baya. Ta kasa cin tuwon dare. Can da aka kwanta ta lallaɓa kusa da ƙanwar tana shafa mata baya. Ba wanda ya kama ta, ba wanda ya tsawata mata, lamirinta ne ya farka ya hana ta sakat. Wannan shi ne zunubin da Littafi Mai Tsarki yake magana a kai, cutar da wani da gangan da kuma ɓoyewa, yaro kuwa yana iya saninsa tun bai shiga firamare ba. Aikinmu shi ne mu taimake shi ya raba irin wannan da fitsarin kwance.

A garin nan bakinmu bai zo ɗaya ba a kan matsayin jariri. 'Yan Katolika, waɗanda babban cocinsu shi ne Saint John, da 'yan Angalika na Saint Paul, sukan yi wa jariri baftisma, domin sun riƙe cewa an haife shi cikin zunubin Adamu, alherin Allah kuma ba ya jira sai yaro ya yi wayo. Mu a ECWA, da 'yan Baptis, mukan kawo jariri gaban jama'a a miƙa shi ga Ubangiji, baftisma kuwa sai ya girma ya shiga aji, ya furta bangaskiya da bakinsa. Gadon mishan na SIM ne wannan, waɗanda suka fara sauka a Najeriya a 1893, kafin ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. A wurin Katolika, tun 1910 Paparoma Pius na Goma ya tsayar da wajen shekara bakwai a matsayin lokacin da yaro ya yi hankalin da zai karɓi jibin Ubangiji, kuma a daidai nan yake fara furta zunubi a gaban Fada. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa sun riƙe cewa kowane yaro a kan fiɗira ake haifarsa, ba a kuma rubuta masa zunubi sai ya balaga, ko da yake ana fara umartarsa da salla yana ɗan bakwai.

Manya suna tsammanin waɗannan maganganun malamai ne. A filin ƙwallo yara suke tattauna su. Jikana ya dawo wata rana da yamma ƙafa duk ƙura ya ce, "Kaka, abokina ya ce shi ba shi da zunubi sai ya yi gemu. Ni kuma kin ce da nawa aka haife ni. Me na yi tun ina ciki?" Na ce masa, "Ba ka yi komai ba." Sa'an nan na tambaye shi wa ya koya masa cewa "nawa ne" yana fizge abu daga hannun ƙanwarsa. Ya ce ba kowa. Na tambaye shi wa ya koya masa "ungo, ke ma ki ci." Ya ce mamarsa, kuma sai da ta yi ta maimaitawa. Na ce to abin da muke nufi ke nan, zuciyar mutum takan zo da karkata wajen kanta. Amma Allah ba azzalumi ba ne da zai bi yaro bashin abin da bai aikata ba. A sura ta farko ta Maimaitawar Shari'a, da Allah ya hana manyan Isra'ila shiga ƙasar alkawari, ya keɓe 'ya'yansu da ba su san nagarta da mugunta ba tukuna. Ezekiyel sura 18 ta kore ɗora wa ɗa laifin uba. Dawuda kuma, da jaririnsa ya mutu, ya yi magana irin ta mutumin da yake sa ran zai je ya same shi. Duk wadda ta zauna zaman makoki da uwar da ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke wa ɗa ta san wannan ba gardamar aji ba ce. Ko Katolika, da suka fi kowa riƙe baftismar jarirai, a 2007 kwamitin malamansu na duniya ya fito ya ce akwai dalili mai ƙarfi na sa zuciya cewa jaririn da ya mutu ba baftisma yana cikin jinƙan Allah.

Yawancinmu da muka tashi a makarantar Lahadi an koya mana ceto ne da ɗan littafin nan marar rubutu, mai launuka kawai. Asalinsa wa'azin Charles Spurgeon ne a Landan a 1866, da shafi uku: baƙi don zunubi, ja don jinin Yesu, fari don zuciyar da aka wanke. Daga baya aka ƙara ruwan zinariya don sama da kore don girma cikin bangaskiya, ƙungiyar bishara ga yara ta CEF, da aka kafa a Amurka a 1937, ta yaɗa shi ko'ina a duniya. Kayan aiki ne mai kyau, yaron da bai iya karatu ba yana iya riƙe labarin gaba ɗaya a kansa. Amma yana bukatar malamin da yake kallon idon yaran. Na taɓa ganin yaro ya ɗora bayan hannunsa a kan shafin farko yana gwada launin. Tun daga nan nakan ce musu shafin duhu ne, irin na dare idan an ɗauke wuta, lokacin da mutum yake neman ɓuya. Yara sun san ɓuya. Adamu da Hawwa'u a bayan itatuwa ba baƙon labari ba ne ga wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin gado da guntun kifi a hannu.

Abin da ya fi wannan ba ni tausayi shi ne ɗaga hannu. Idan baƙon mai wa'azi ya zo makon yara ya ce wa yake so ya karɓi Yesu cikin zuciyarsa, hannuwa duka sukan tashi, har na waɗanda suka ɗaga bara da bara waccan. Wasu don abokai sun ɗaga ne, wasu don su faranta wa malama. Amma akwai yaron da yake ɗagawa da gaske kowane lokaci, idonsa cike da hawaye. Na ja irin wannan gefe na ce, "Ba ka karɓe shi ba wancan karon?" Ya ce, "Na karɓa, Malama, amma na zagi yayana ranar Talata, ya fita." A tunaninsa Yesu baƙo ne mai saurin fushi, ƙaramin laifi ya tattara kayansa ya bar gidan. Yaron da ya girma da wannan tsoro yakan zama ɗaya cikin biyu: ko mai bin kowane taron addu'a yana neman tabbacin da ba ya samu, ko wanda ya gaji ya watsar da abin gaba ɗaya yana shiga jami'a. Na ga irinsu duka biyu cikin waɗanda suka bi ta hannuna.

Alhali kuwa yaron Bauchi ya san ceto tun kafin ya taka ƙofar coci, Kirista ne shi ko Musulmi. Baba ya zaro bulala, yaro ya ruga ya shige bayan kaka ya ƙanƙame zanenta. Kaka ta ware hannu ta ce, "Ya shigo hannuna, a bar shi ya ci albarkacina." Wani lokaci bulalar ta riga ta taso, sai ta sauka a damtsen tsohuwa. Yaron ya san ya yi laifin. Ya san ba wayonsa ne ya fishe shi ba, ba kuma alkawarin da ya yi na ba zai sake ba. Wani ne da yake ƙaunarsa ya shiga tsakani, ya sa jikinsa. Duk lokacin da na ba da wannan misali a aji sai na ga fuskoki sun washe. Kowa yana da kakarsa, ko gwaggo, ko maƙwabciyar da ta taɓa cetonsa.

Amma misalin yana da rami, kuma dole malami ya nuna ramin. Idan aka tsaya a nan, yaro zai fita da Allah biyu a kansa: Uba mai fushi da bulala, da Yesu mai taushin zuciya da yake ɓoye mu daga gare shi. Da yawa daga cikin manyanmu haka suke ji har yau, suna ƙaunar Yesu suna shakkar Uban. Bishara ba ta ce haka ba. Uban ne da kansa ya aiko Ɗan, don ƙauna. Shi ya sa ba na rabuwa da Luka sura 15. Ɗan ya cinye rabonsa na gado a yawon banza, ya dawo yana shirya jawabin da zai yi don a ɗauke shi ɗan ƙodago. Uban ya hango shi daga nesa, dattijo guda ya tattare riga ya sheƙa a guje, ya rungume shi tun bai gama jawabin ba. Idan na kai nan nakan dakata in tambayi yaran me uban zai yi bayan rungumar. Kusan kullum amsar ɗaya ce: zai kai shi ɗaki ya zane shi tukuna, sa'an nan a yanka masa saniya. Idan na ce babu duka a labarin, wasu ba sa yarda. Wani ya ce mini wataƙila an manta ne ba a rubuta ba.

A nan ne gidajenmu suke rushe abin da muke ginawa ranar Lahadi. Tsarin da yaro ya sani shi ne laifi, duka, kuka, sa'an nan "shi ke nan, ya wuce." Saboda haka a wurinsa gafara abar saye ce, da fatar jiki ake biya. Wata 'yar'uwa a Zumuntar Mata ta gaya mana tambayar da ɗanta ɗan shekara shida ya yi mata tana riƙe da bulala: "Mama, ba kin ce an doki Yesu saboda laifina ba? To don me za ki sake dukana?" Matan suka yi dariya suna cewa yaran zamani sai addu'a. Ni kuwa na ga yaron ya fahimci gicciye fiye da yadda muke so. Ba cewa nake yi a daina horo ba. Yaron da ba a kwaɓarsa an cuce shi, littafin Karin Magana kuma bai ɓoye wannan ba. Amma horo daban, biyan bashi daban. Idan ya ci kuɗin aike, a sa shi ya je da ƙafarsa ya faɗi gaskiya, ya yi aikin da zai mayar da kuɗin, kamar yadda Zakka ya mayar wa waɗanda ya cuta. Sai dai ya san cewa an riga an yafe masa tun kafin ya fara, abincinsa yana nan, wurin kwanciyarsa yana nan, fuskar mamarsa ta dawo. Iyaye da yawa da suke kafa hujja da Karin Magana ba sa kaiwa Afisawa sura 6, inda Bulus ya gargaɗi ubanni kada su tsokane 'ya'yansu su yi fushi.

Sai kuma tone-tone. A ce wa yaro an yafe, bayan wata biyu ya yi wani laifin, a jero masa na da da na yanzu tun daga ranar da ya fasa madubi. Yaron da aka yi wa haka ba zai gaskata cewa Allah yana shafe zunubi ba. Zai ɗauka ajiyewa yake yi.

Akwai kuma gafarar dole. Yara biyu sun yi faɗa, a kamo su a tsayar: "Kai, ba shi haƙuri. Kai kuma, ce ka yafe. Ku gaisa." Su faɗa da baki, haƙora a cije, su miƙa hannu suna kallon gefe. Ba na raina wannan gaba ɗaya, don baki yakan ja zuciya. Wani bincike da Amrisha Vaish da abokiyar aikinta suka buga a 2019 a Jami'ar Virginia ta Amurka ya nuna 'yan shekara biyar sukan fi yafe wa wanda suka ga alamar nadama a tare da shi ko bai furta ba, 'yan shekara huɗu kuwa sai sun ji ban haƙurin da kunnensu. Ke nan ƙanana suna bukatar kalmar, ya kamata a koya musu ita. Amma shekara ɗaya kawai a gaba sun fara duba ko da gaske ake. Idan muka ci gaba da karɓar ta baki kawai, muna koya musu cewa da mutum da Allah duk ana iya sallamarsu da lafazi. Gara a ce wa wanda aka cuta, "Na ga ranka ya ɓaci, zauna tukuna, idan ka huce ka zo." Sau da yawa kafin a gama waƙa ɗaya ya taso da kansa.

A wannan wuri akwai abin da ba zan yi shiru a kai ba. Wani lokaci wanda ya cuci yaro babba ne, kawu ko malami ko maƙwabci, cutar kuma irin wadda ba a son faɗa ce. Sai dangi su taru su ce wa yarinya ita Kirista ce, ta yafe, a rufa asiri. Wannan ba gafara ba ce, zalunci ne na biyu, kuma da sunan Yesu ake yinsa. Yesun da ya ce a bar yara su zo wurinsa, shi ne a Matiyu sura 18 ya yi magana mafi tsanani a kan mai sa ƙaramin yaro tuntuɓe, har ya ambaci dutsen niƙa da teku. Nakan gaya wa 'yan ajina a fili cewa idan babba ya taɓa su inda bai kamata ba, zunubin nasa ne, ba nasu ba, faɗa wa mama ko malama kuma ba rashin yafiya ba ne.

Garinmu ya ƙara wa maganar nauyin da yaran wasu wurare ba su sani ba. Manya suna tuna rikicin Afrilun 1991 da ya taso daga Tafawa Balewa ya shigo Bauchi. Ranar Lahadi 3 ga Yuni 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a mota a bakin coci a nan Yelwa, mutum fiye da goma suka mutu. Yaran ajina na yanzu ba a haife su ba a lokacin, amma sun tarar da shingen ƙarfe a ƙofar coci, da 'yan Boys' Brigade suna bincika jaka, sun kuma ji yadda manya suke cewa "su" idan sun ɗauka yara ba sa saurare. Haɗarin shi ne zunubi ya tashi daga zuciyar yaro ya koma tsallaken titi, ya zama abin da wasu mutane suke yi mana. Wani yaro ya tambaye ni ko Allah zai iya yafe wa mai tayar da bam. Na ce idan ya tuba zai iya, don Shawulu ma yana tsaye yana goyon baya aka jajjefi Istifanas, daga baya ya zama Bulus. Ya ce shi bai so haka ba. Ban tsawata masa ba. Yunusa ma bai so a yafe wa Nineba ba, Allah kuwa zama ya yi yana lallashinsa da tambaya.

Duk waɗannan suna komawa ga abu ɗaya da na daɗe ina lura da shi. A jerin zunuban da yara suke kawowa, kusan babu na manya. Da na tambaye su ko baba yana yin zunubi, sai su yi tsit, wasu su girgiza kai da ƙarfi. A al'adarmu, ko Bahaushe ko Basayi ko Bajari, babba ba ya ba yaro haƙuri. Idan uwa ta doki yaro bisa kuskure, gaskiya ta fito daga baya, abin da za ta yi shi ne ta ƙara masa nama a miya. Yaron ya gane saƙon, amma bai ji kalmar ba. Da daddare kuma a sujadar iyali baba zai roƙi gafarar zunubanmu a dunƙule, ba tare da ya ambaci tsawar da ya daka wa mama da rana a gaban kowa ba. Daga nan yaro yake yanke cewa zunubi ciwon ƙuruciya ne, idan mutum ya girma yakan warke, neman gafara kuma aikin marar ƙarfi ne a gaban mai ƙarfi. Ranar da ya yi ƙarfi shi ma zai daina. Ta yaya za mu gaya masa kowa ya yi zunubi, kowa yana bukatar Mai Ceto, alhali bai taɓa ganin babba ko ɗaya yana bukata ba?

A nan nakan yi sha'awar yaron Katolika. Yana ganin babansa, mai gida guda, ya bi layi yana jiran ya durƙusa ya furta laifinsa. Ko bai san abin da aka faɗa a ciki ba, ya ga layin. Na kuma koyi wani abu daga wata maƙwabciyarmu Musulma da za ta tafi aikin Hajji. Ta bi gida gida tana neman gafara, kamar yadda aka saba. Da ta shigo namu ta gama da manya, sai ta juya wajen jikana, wanda ta sha kora daga gindin mangwaronta, ta ce, "Kai ma ka yafe ni, na sha yi maka tsawa." Yaron ya daskare. Ya dube ni, ya dube ta, can ya ce, "Na yafe, Mama." Bayan ta fita ya yi ta bina yana tambaya ko da gaske take, ko shi ma yana da ikon yafe wa babba. Wasiƙar Yakubu ta umarce mu mu riƙa furta wa juna laifofinmu, ba ta kuwa cire yara daga cikin junan ba.

Na kawo wannan magana a taron iyaye da malaman makarantar Lahadi. Wani dattijon ikkilisiya, mutumin kirki mai tsoron Allah, ya ce, "Malama, maganarki tana da daɗin ji, amma idan na ba ɗana haƙuri zai raina ni." Na ce, "Baba, ai ya riga ya san ka yi kuskuren. Abin da bai sani ba shi ne yadda mutum mai daraja yake yi idan ya yi kuskure." Ban ce masa babu haɗari ba. Akwai yaron da zai ɗauki ban haƙuri ya mai da shi makami, akwai kuma iyayen da za su zarce su riƙa sauke wa ƙaramin yaro damuwar da ta fi ƙarfinsa. Ba a wannan nake magana ba. Laifin da aka yi wa yaron, ko aka yi a gabansa, shi za a ambata da sunansa, a taƙaice, ba tare da "amma kai ma" ba.

Bayan 'yan makonni wani uba matashi da yake wurin taron ya tare ni bayan sujada. Ya ce kuɗi sun ɓace masa a aljihun riga, ya kama ɗansa ɗan shekara bakwai ya zane, da yamma matarsa ta tsinci kuɗin a cikin mota. Ya ce ya fi awa yana kai da kawowa a tsakar gida kafin ya iya shiga ɗakin yaran. Ya zauna a bakin katifa ya ce, "Na doke ka a kan abin da ba ka yi ba. Na yi maka laifi, na yi wa Allah. Ka yafe mini." Yaron ya tashi zaune ya ce, "Baba, kai ma kana yin zunubi?" Ya ce, "Ina yi." Yaron ya ce, "To kai wa yake dukanka?" Uban ya ce mini duk shekarun da ya yi yana jagorantar sujadar iyali bai taɓa yi wa ɗansa bayanin gicciye da bakinsa ba, sai daren nan, don yaron ya ƙi kwanciya sai an ba shi amsa.